Gaurayen Salo a Waƙar Hip-Hop: Nazari a kan Faifan GNX na Kendrick Lamar

Gabatarwa

Ranar Juma'a, 22 ga watan Nuwamba na shekarar 2024, mawaƙin nan na ƙasar Amurka, Kendrick Lamar, ya fitar da faifansa na shida wanda ya raɗa wa suna GNX, ba tare da an yi wata sanarwa ko talla ba kafin fitowarsa. Ko da yake a zamanin nan ta intanet aka fi sauraron waƙa, har yanzu faifai ake kiran irin wannan kundi. Faifan ba shi da tsawo, domin waƙoƙi 12 ne kurum a cikinsa, dukansu kimanin minti 44. Wanda ya kunna shi yana jiran ya ji ganga da zubar magana irin ta hip-hop, abin da zai fara faɗa masa a kunne shi ne muryar wata mace 'yar ƙasar Meziko tana rera waƙa da Sifaniyanci. In ya ci gaba zai ji kiɗan rawa na shekarun 1980, da muryar wani mawaƙin soyayya da ya rasu tun 2005, da kuma kiɗan wani mawaƙin hip-hop da aka kashe a 1996.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana dalilin wannan gauraye. Za a nuna cewa a waƙar hip-hop haɗa salo da salo hanya ce da mawaƙi yake bi ya faɗi asalinsa da mutanen da ya tashi a cikinsu, sa'an nan a nuna cewa duk sautin da aka aro yana da mai shi, kuma akwai haƙƙin da ke biye da aron.

Asalin Hip-Hop

Kafofin watsa labarai na Hausa sukan kira wannan waƙa gambarar zamani, saboda mawaƙanta suna jero magana mai ƙafiya da sauri a kan kiɗa, suna zambo da habaici, kamar yadda 'yan gambara suke yi. Kamar ta tsaya a nan, domin tushen hip-hop yana unguwar Bronx ta birnin New York. Masana tarihin waƙar sun fi jingina farkonta ga wani biki da aka yi ranar 11 ga watan Agusta na 1973, a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, inda wani saurayi haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka fi sani da Kool Herc, ya juya wa matasa faifai.

Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru, sauran kayan kiɗa suka tsaya, aka bar ganga tana tafiya ita kaɗai. Wannan gaɓa ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Sai ya nemi faifai biyu na waƙa ɗaya, ya ɗora kowanne a kan garmahonsa. In gaɓar ta ƙare a na farko sai ya saki na biyu, ya komar da allurar na farko baya. Ta haka gangar 'yan daƙiƙu ta zama kiɗan mintoci. A kan wannan kiɗa ne shi da abokansa suke magana da lasifika suna wasa 'yan rawa, al'adar da ya sani tun daga Jamaika. Faya-fayan da ya juya kuwa na su James Brown ne da makamantansu. Ke nan tun daga ranar farko, da kiɗan wasu aka gina hip-hop. Waƙar farko da ta fitar da shi kasuwar duniya, watau “Rapper's Delight” ta 1979, a kan kiɗan ƙungiyar Chic aka ɗora ta, kuma sai da masu kiɗan suka yi barazanar kai ƙara kafin a sa sunayensu cikin marubutanta.

Hanyoyin Gauraya Salo

Ana iya kasa hanyoyin da mai haɗa kiɗan hip-hop yake bi zuwa gida huɗu. Ta farko ita ce tsakure, watau a yanko wani yanki daga ainihin tsohon faifai, da muryarsa da ƙurarsa, a sa na'ura ta yi ta maimaita shi. Na'urorin wannan aiki sun yaɗu a ƙarshen shekarun 1980. Wadda ake kira SP-1200, da ta fito a 1987, sautin daƙiƙa 10 kaɗai take iya riƙewa, wannan ƙarancin kuwa shi ya koya wa masu haɗa kiɗa yanka gajere da iya jeri. Ta biyu ita ce a ɗauki karin tsohuwar waƙa a sa makaɗa su sake kaɗa shi sabo. Ta uku ita ce gayya, watau a kira makaɗi ko mawaƙi na wani fanni ya zo ya yi abin da ya gada. Ta huɗu ita ce kwaikwayon salo, inda ba a ɗauki karin kowa ba, amma duk mai ji ya san daga wane gari da wane zamani kiɗan ya fito. Faifan GNX ya yi amfani da waɗannan hanyoyi, kuma sanin bambancinsu yana da amfani domin hukuncin shari'a a kansu ba ɗaya ba ne.

Mawaƙin da Garinsa

An haifi Kendrick Lamar Duckworth ranar 17 ga watan Yuni na 1987 a Compton, wani gari da ke kudu da tsakiyar birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Iyayensa daga Chicago suka ƙauro. A 2018 faifansa DAMN. ya sami kyautar Pulitzer ta fannin kiɗa, wadda kafin nan ba a taɓa ba wani aikin da ba na jazz ko na kiɗan gargajiyar Turawa ba. Gauraya salo ba sabon abu ba ne a wurinsa. A faifansa na 2015, To Pimp a Butterfly, ya tara makaɗan jazz irin su Kamasi Washington da Terrace Martin, ya gayyato George Clinton, dattijon kiɗan funk. Waƙar ƙarshe ta wannan faifai, “Mortal Man”, tana ɗauke da tsakure daga wani kiɗa da Fela Kuti ya tsara, kamar yadda makaɗin Amurka Houston Person ya kaɗa shi a shekarun 1970. A can ya waiwayi tarihin baƙar fatar Amurka baki ɗaya har ya tsallako Afirka.

A GNX kuwa sai ya ƙuntata fagen, ya tsaya a gida. Sunan faifan na wata baƙar mota ce ƙirar kamfanin Buick, wadda aka ƙera guda 547 kaɗai a 1987, shekarar haihuwarsa. Har ila yau faifan ya fito ne bayan watannin da ya yi yana musayar zambo da Drake, mawaƙin Kanada, kuma ɗaya daga cikin zarge-zargen da ya yi masa shi ne yana ɗibar salon garuruwan da ba nasa ba don neman kasuwa. Wanda ya yi irin wannan zargi, tilas ne ya nuna nasa tushen. Saboda haka ana iya karanta faifan a matsayin amsar tambaya ɗaya: su wane ne mutanen Los Angeles, kuma mene ne sautinsu?

Salo Huɗu a Faifai Ɗaya

Salo na farko shi ne na gida, wanda ake kira kiɗan Gaɓar Yamma. Tushensa G-funk, wanda Dr. Dre, shi ma ɗan Compton, ya yayata da faifansa The Chronic a 1992. Alamominsa su ne tafiya a hankali, da jita mai kaurin murya, da wani siririn sauti mai kama da sarewa da ake fitarwa da na'ura, duka kuwa daga funk ɗin George Clinton na shekarun 1970 aka samo su. Daga baya wani mai haɗa kiɗa na Los Angeles, Mustard, ya rage kayan, ya bar ganga mai tsalle da tafi da kari gajere. Shi ne ya haɗa kiɗan “Not Like Us”, waƙar zambon da ta fito a watan Mayu na 2024, kuma yana da hannu a waƙoƙin GNX irin su “TV Off”. Bugu da ƙari, maimakon ya cika faifan da manyan sunaye, Kendrick ya gayyato samarin mawaƙan yankin waɗanda a lokacin ba a san su sosai a waje ba, kamar Dody6 da AzChike da Lefty Gunplay da Peysoh. Wannan zaɓi shi kansa magana ce.

Salo na biyu shi ne mariachi, kiɗan gargajiya na yammacin Meziko, wanda ake yi da jita iri-iri da goge irin na Turawa da begila. Mawaƙiyar da ta buɗe faifan sunanta Deyra Barrera, 'yar jihar Sonora. Kendrick ya ji ta ne a watan Oktoba na 2024 a filin wasan ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles, sa'ad da ta rera waƙar ta'aziyyar Fernando Valenzuela, ɗan wasan nan ɗan Meziko da ya rasu a makon. Muryarta ta fito a waƙoƙi uku: ta farko, da ta tsakiya, da ta ƙarshe, watau ita ce ta zama kamar dirkokin da aka kafa faifan a kansu. Domin a gane hikimar wannan, sai a tuna cewa masu magana da Sifaniyanci ne suka kafa Los Angeles a 1781, kuma Kalifoniya tana ƙarƙashin Meziko har 1848. Garin Compton da duniya ta sani da baƙar fata a shekarun 1980 ya sauya. Ƙidayar 2020 ta nuna fiye da kashi biyu cikin uku na mazaunansa 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka ne. Zaman waɗannan al'ummu biyu bai rasa tsama ba, a makarantu da tituna da gidajen kurkuku. Baƙin mawaƙin da ya fara faifansa da Sifaniyanci ya shaida ke nan cewa garin na su biyu ne. Waƙar “Squabble Up” ta ƙarfafa wannan, domin an ɗora ta a kan tsakure daga “When I Hear Music” ta Debbie Deb, wata waƙar rawa ta farkon shekarun 1980 da ta daɗe tana da farin jini a bukukuwan 'yan Latin na Kalifoniya.

Salo na uku shi ne soul, kiɗan soyayya mai taushi da ya tsiro daga waƙoƙin majami'un baƙar fata. Misalinsa “Luther”, wadda ya rera tare da mawaƙiya SZA. A nan akwai hawa uku. Marvin Gaye ne ya rubuta wata waƙa mai suna “If This World Were Mine”, ya rera ta da Tammi Terrell a 1967. A 1982 Cheryl Lynn da Luther Vandross suka sake rera ta. Daga wannan ta biyu aka yi tsakure a 2024, aka kuma sa wa sabuwar waƙar sunan Vandross. Kowane hawa mace da namiji ne suke amsa wa juna, tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 57. Kaka da uwa da jika suna iya jin waƙar a mota ɗaya, kowa ya gane nasa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kasuwa ma ta gaskata haka, domin waƙar ta yi mako 13 a saman jerin waƙoƙin Billboard a 2025.

Salo na huɗu ya fi sauran zurfi, yana kuma cikin waƙar “Reincarnated”. An ɗauko kiɗanta daga wata waƙar Tupac Shakur, Kendrick kuma ya kwaikwayi zafin muryarsa da yadda yake jan numfashi. A cikin waƙar ya ari bakin mawaƙa biyu na da, namiji makaɗin jita da mace mawaƙiya, kowannensu yana ba da labarin yadda aka ba shi baiwa ya ɓata ta da son zuciya ko shaye-shaye. Masu sharhi da yawa sun fassara na farkon da John Lee Hooker, ta biyun da Billie Holiday ko Dinah Washington. Daga nan ya komo kan kansa yana tuhumar ransa. Dabarar adabi ce ta nuna cewa wanda ya gaji murya ya gaji jarrabawar da ke tare da ita. A nan aron kiɗa da jigon waƙa sun zama abu ɗaya.

Ya kamata a ƙara da cewa masu haɗa kiɗan da suka fi yawan aiki a faifan su ne Sounwave, abokin aikinsa tun farko, da Jack Antonoff, wanda aka fi sani da aiki da Taylor Swift. Hannun na biyun yana cikin abin da ya sa waɗannan sautuka masu nisa da juna suka zauna lafiya a kunnen wanda bai saba da hip-hop ba.

Bashin da ke Kan Tsakure

Kowace waƙar da aka ɗauka a faifai tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kari da kalmomi, akwai kuma haƙƙin ainihin sautin da aka naɗa, wanda galibi kamfanin faifai ne ke riƙe da shi. Mai tsakure yana bukatar izini biyu. Wanda ya sake kaɗa kari yana bukatar na farko kaɗai. Wanda aka gayyato kuwa yarjejeniya ce tsakaninsa da mai gayya. A shekarun 1980 ba a cika kula da wannan ba, sai a watan Disamba na 1991, lokacin da wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya yi tsakure daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, aka janye faifansa daga kasuwa. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko tsakuren daƙiƙa biyu yana bukatar lasisi, ko da yake wata kotun ta saɓa mata a 2016. Kwaikwayon salo ma bai tsira ba: a 2015 magadan Marvin Gaye sun yi nasara a kan Robin Thicke da Pharrell Williams, aka ƙare da biyansu kimanin dala miliyan 5, hukuncin da makaɗa da yawa suka ce ya wuce gona da iri.

Wannan tsari ya haifar da abu biyu da ya kamata ɗalibi da ma'aikacin hukuma su yi tunani a kansu. Na farko, kuɗin ba kullum suke isa ga wanda ya yi sautin ba. Clyde Stubblefield, makaɗin gangar James Brown, shi ne ya buga gaɓar da ke cikin “Funky Drummer”, wadda aka yi tsakurenta a ɗaruruwan waƙoƙi, amma da yake ba a rubuta sunansa cikin marubuta ba, bai sami rabo daga aron ba har ya rasu a 2017. Haka Gregory Coleman na ƙungiyar Winstons, wanda gangarsa ta 'yan daƙiƙu a wani faifan 1969 ta zama tushen dubban waƙoƙi, ya rasu cikin talauci a 2006. Na biyu, tsadar izini ta mai da tsakure sana'ar mai hali. Ƙungiyar De La Soul ta fitar da faifanta na farko a 1989 cike da tsakure, amma rikicin izini da na kamfani ya hana faya-fayanta na farko hawa manyan dandalin sauraro na intanet sai a watan Maris na 2023. Dabarar da matasan da ba su da kuɗin kayan kiɗa suka ƙago, yau mai lauyoyi ne ya fi iya yin ta a sarari. Kendrick yana cikin masu wannan hali, shi ya sa sunan Marvin Gaye, wanda ya rasu tun 1984, yake cikin jerin marubutan “Luther”, magadansa kuma suna da rabo.

Suka da Amsarta

Masu sukar wannan fanni sukan ce wanda ya ɗora waƙarsa a kan kiɗan wani bai ƙago kome ba, wasu kuma su ce gaurayen dabarar kasuwa ce, a jawo 'yan Meziko da mariachi, a jawo dattawa da Vandross. Suka ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, domin faifai haja ne, kamfanin Interscope da ya rarraba shi kuma riba yake nema. Akwai waƙoƙin hip-hop masu yawa da ba su da abin tinƙaho sai tsohon karin da suka jingina da shi. Amma ma'aunin da ya dace shi ne a tambaya: in an cire abin da aka aro, ma'anar waƙar za ta ragu, ko kuwa daɗinta kaɗai? In an cire kiɗan Tupac daga “Reincarnated”, maganar gado ta rushe. In an cire muryar Barrera, hoton garin ya zama rabi. Aron da ya ci wannan jarrabawa ya shiga sahun ƙirƙira, kamar yadda malami yake kawo maganar magabata a inda ta dace, a kuma yaba masa da sanin wurin ajiye ta.

Kammalawa

An ga cewa hip-hop ya fara ne da faifai biyu na wani mawaƙi a hannun wani saurayi a Bronx, kuma bayan shekara 51 faifan GNX yana bin wannan hanya, sai dai da na'urori da lauyoyi. Salo huɗun da aka duba, na Gaɓar Yamma da mariachi da soul da muryar magabata, kowanne yana nuna wani ɓangare na mutanen Los Angeles da tarihinsu. Mai nazarin irin wannan waƙa, ko ta Amurka ce ko ta wata ƙasa, yana da tambayoyi uku da zai riƙe: daga ina aka ɗauko sautin, me ya ƙara wa ma'ana, kuma an ambaci mai shi an biya shi? Bashi hanji ne, yana cikin kowane mawaƙi, domin babu wanda ya fara waƙa daga kansa. Abin da ya rage ga masu tsara doka shi ne su sami hanyar da haƙƙin zai isa ga irin su Stubblefield tun suna raye, ba tare da an rufe ƙofa ga saurayin da ba shi da kome sai garmaho biyu ba.